Akala da Raƙumi: Yadda Ƙananan Sinadarai Ke Juya Furotin a Cikin Jiki

(Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na ƙungiya)

  



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan wani abu na kimiyya wanda ya shafi kowa, ya kuma ja mini kunne kada in cika ku da Turanci. Don haka na zaɓi tambaya guda. Idan mutum ya kora ƙwayar magani da ruwa, yaya take gane inda aka aike ta? Ba ta da ido, ba ta da kunne. Narkewa take yi ta shiga jini, jini ya zaga da ita kusan ko'ina, ta ratsa hanta da ƙoda da tsoka ba tare da ta san wanda ke ciwo ba. Duk da haka sai ta yi aiki a wuri guda ta ƙyale sauran, ko kuwa, in an yi rashin sa'a, ta taɓa inda ba a so. A kan amsar wannan tambaya aka gina ilimin haɗa magunguna na zamani, kuma a cikin shekaru talatin da suka wuce masana sun kai ta wani matsayi da ya kamata mu sani, domin yanzu maganar ta iso kan cutar da ke cikin gidajenmu.

Jikin baligi an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai kimanin tiriliyan 30, waɗanda masana ke kira sel. Kowane sel tamkar gari ne mai cike da masu sana'a: akwai maƙera, akwai 'yan dako, akwai masu tsaron ƙofa, da 'yan aike, da masu kwashe shara. Waɗannan ma'aikata su ne furotin. Kun saba jin kalmar a bakin ma'aikatan asibiti idan suna cewa a ba yaro wake da ƙwai. To, jiki farfasa na abincin yake yi, ya sake ƙera nasa. Kowane furotin kamar zaren carbi yake, wanda aka jera da duwatsu iri 20, kuma tsarin jerin a rubuce yake a cikin ƙwayoyin gado da muka karɓa daga iyaye. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ɗauke da irin wannan rubutu. Zaren ba ya zama a miƙe, naɗewa yake yi ya dunƙule ya ɗauki wata siffa tasa ta kansa, mai tudu da kwari da gurabu. Siffar nan ita ce sana'arsa.

Shi kuwa magani, a mafi yawan lokuta, ɗan ƙaramin sinadari ne ƙwarai. Asfirin ƙwayoyin zarra 21 ne kacal suka haɗa shi, alhali himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a jininmu, yana da sama da 9,000. Sai dai girman raƙumi bai hana yaro ya ja shi da akala ba, muddin an ɗaura ta inda ya dace. Ƙaramin sinadari yakan shige cikin wani gurbi a jikin furotin ya zauna daram, sai furotin ya tsaya cik, ko ya sauya hali. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Emil Fischer, ya kwatanta irin wannan dacewa da ta kwaɗo da mabuɗi tun a 1894. Ke nan ƙwayar magani tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa ne, amma inda haƙoranta suka yi daidai kaɗai take buɗewa.

Matsalar ita ce kwaɗunan da yawa 'yan gida ɗaya ne. An fara sayar da asfirin a 1899, aka yi ta shansa fiye da shekara saba'in ba a san abin da yake kamawa ba, sai a 1971 John Vane a Ingila ya nuna cewa yana hana jiki ƙera wasu sinadarai masu tayar da zogi da kumburi. Daga baya aka gano furotin ɗin da yake toshewa iri biyu ne masu kama da juna, kuma ɗayansu yana cikin masu kare fatar tumbi. Wannan ne dalilin da ya sa likita ke hana mai gyambon ciki shan asfirin da danginsa. Mabuɗin ya buɗe ɗakin da aka nufa, ya kuma buɗe na maƙwabci.

Babu inda wannan matsala ta fi tsanani kamar a wani babban dangi na furotin da ake kira kaines. Su ne masu buga hatimi a cikin sel: idan suka buga wa wani furotin hatimi sai ya tashi aiki, sel ya girma ko ya rabu biyu. A lissafin da aka wallafa a 2002, ɗan Adam yana da kaines 518, kuma kusan dukkansu suna da gurbi mai kama da juna inda suke ɗiban tawadar hatimin, wato wani sinadari mai suna ATP. Shekara da shekaru masana da dama suna ganin ba zai yiwu a toshe ɗaya a bar ɗari biyar ba. Labarin yadda aka karya wannan zato ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa.

A 1960, a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa masu wata irin sankarar jini mai tafiya sannu a hankali suna da wani guntun ƙunshi a cikin ƙunsoshin gadonsu. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano abin da ya faru: ƙunshi na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar wutsiya. A daidai mahaɗar sai aka sami sabon furotin, BCR-ABL, wanda kaines ne da ya rasa birki. Dare da rana hatimi yake bugawa, fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa har su cika jini da saifa. A kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel a ƙasar Suwizalan, Nicholas Lydon da abokan aikinsa suka duƙufa neman mabuɗi. Wani masanin sinadarai a cikinsu, Jürg Zimmermann, ya yi ta sassaƙar sinadari guda, ya ƙara nan ya rage can, har aka sami wanda ake kira imatinib. Likita Brian Druker na jihar Oregon shi ya matsa aka gwada shi a kan marasa lafiya daga 1998. A gwajin farko, cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, 53 ƙididdigar jininsu ta koma daidai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2001, aka riƙa sayar da shi da sunan Gleevec ko Glivec. Cutar da a da takan kashe mutum cikin 'yan shekaru ta zama wadda mafi yawan masu ita kan rayu da ita suna shan ƙwaya kullum. A Najeriya ma, daga 2003 an riƙa ba marasa lafiya wannan magani kyauta ta asibitin koyarwa na Ile-Ife, a ƙarƙashin wani shirin tallafi.

Sirrin imatinib, kamar yadda hoton siffarsa ya nuna a 2000, shi ne yana kama furotin ɗin a lokacin da yake hutawa. Kaines idan suna aiki duk kamarsu ɗaya, kamar sojoji a fareti, amma kowanne da irin kwanciyarsa. Bari in saka wata magana a nan, ko da iyaye za su ga na yi shisshigi. Kowa a cikinmu so yake ɗansa ya zama likita, idan yaro ya sami gurbin karatun kimiyyar sinadarai sai a riƙa yi masa kallon wanda ya faɗi. Alhali wanda ya sassaƙa wannan mabuɗi masanin sinadarai ne. Ina roƙon masu kula da tallafin karatu na ƙungiya su riƙa tunawa da haka.

Ita ma cutar ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A wasu marasa lafiya, dutse guda a zaren furotin ɗin, na 315, yakan sauya ya zama mai kauri, ya tare bakin gurbin, mabuɗin ya kasa shiga. Sai da aka sake ƙera wasu: ponatinib a 2012, sannan asciminib a 2021, wanda ya rabu da babbar ƙofa ya kama wani gurbi daban a bayan gida. Mu nan mun ga irin wannan da idonmu. Kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne saboda ta sauya wani furotin nata ya koma fitar da maganin daga inda yake aiki, har Najeriya ta canza maganin farko na zazzaɓi a 2005. Jabun magani mai ƙarancin ƙarfi, da yanke shan magani a tsakiya, suna ba ƙwayar cuta mai sabon kwaɗo damar tsira ta yaɗu.

To, wannan duk a fagen warkarwa ne. Akwai kuma fagen bincike, wanda shi ne gonar da magunguna ke tsirowa. Mai bincike yana son sanin aikin furotin guda, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a dakatar da shi a ga abin da zai lalace, kamar yadda gari ke sanin darajar mai ɗiban ruwa ranar da bai fito ba. Ana iya goge ƙwayar gadonsa gaba ɗaya, amma sau da yawa ɗan tayin dabbar gwajin kan mutu tun a ciki, ko kuma sel ya sami lokacin ɗora wa wani furotin aikin, a kasa gane komai. Ƙaramin sinadari kuwa cikin mintoci yake aiki, ana iya ƙara shi ko a rage, galibi kuma ana iya wanke shi furotin ya koma bakin aiki. Amma ina za a sami mabuɗi na musamman ga kowane kaines?

Kevan Shokat, wani masani a Amurka, ya juya tambayar a ƙarshen shekarun 1990. Maimakon ya yi ta ƙera mabuɗai, sai ya gyara kwaɗon. Ya sauya dutse guda a bakin gurbin kaines ɗin da yake son nazari, ya sa ƙarami a madadin babba, sai aka sami ɗan rami wanda babu irinsa a sauran danginsa. Sannan ya ƙera sinadari mai ƙullutu a gefe. Ƙullutun nan yakan hana shi shiga yawancin kaines na asali, amma ya faɗa daidai cikin ramin wanda aka gyara. Kaines ɗin yana ci gaba da aikinsa har ranar da aka ɗiga sinadarin. A 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna dabarar tana aiki a kan kaines iri-iri, aka kuma yi amfani da ita wajen gano yadda sel ke tsara rabuwarsa mataki-mataki. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau da aka zo da su a wannan fanni, saboda sauƙinta.

Har yanzu maganar toshewa muke yi. Akwai sinadaran da aikinsu dillanci ne, su kamo hannun wannan furotin su haɗa da na wancan. Wani ayarin masana daga Kanada ya ɗebo ƙasa a tsibirin Rapa Nui da ke tsakiyar tekun Fasifik a tsakiyar shekarun 1960, daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar Suren Sehgal ya fitar da rafamaisin, wanda aka amince da shi a 1999 don hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa. Shi kaɗai ba ya iya komai. Sai ya fara manne wa wani ƙaramin furotin, su biyun su je su rungumi wani babba mai kula da girman sel, su danne shi. Ganin yadda irin waɗannan sinadarai ke aiki ya sa Stuart Schreiber na Harvard da Gerald Crabtree na Stanford, a 1993, suka ƙera sinadari mai hannu biyu. Duk furotin biyu da aka liƙa musu mariƙin da ya dace, to idan aka ɗiga shi zai jawo su wuri guda. Da yake furotin da yawa haɗuwa ce ke tayar da su, sai ga makunni a hannun mai bincike.

Amfanin wannan ya fito fili a wani rahoto na 2011 daga birnin Houston. Yara masu sankarar jini da aka yi wa dashen tushen jini akan ƙara musu sojojin jini na wanda ya ba da gudummawa, amma wani lokaci sojojin nan sukan juya su far wa jikin yaron. Sai likitocin suka saka wa sojojin wani furotin na kashe kai, wanda ba ya tashi sai an haɗa biyu-biyu. Yara huɗu da sojojin suka fara yi wa ɓarna aka ba su sinadarin sau ɗaya, cikin minti 30 fiye da kashi 90 cikin ɗari na sojojin suka mutu, ɓarnar ta tsaya.

Daga dillanci aka gangaro kan kwashe shara. Sel yana da ma'aikata masu liƙa wa furotin da ya tsufa wata shaida, duk mai ɗauke da ita a kai shi injin niƙa. Binciken wannan tsari ne ya ci kyautar Nobel a 2004. A 2001 Craig Crews da Raymond Deshaies suka nuna ana iya ƙera sinadarin da zai kamo furotin mai cutarwa da hannu ɗaya, mai liƙa shaida da ɗaya hannun, sel ya niƙe shi da kansa. An fara gwada irin waɗannan a kan mutane a 2019. Wani abin mamaki, ashe akwai tsohon maganin da ke yin haka ba a sani ba. Talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, aka ba mata masu ciki don laulayi, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Sai a 2010 Hiroshi Handa da abokan aikinsa a Japan suka gano furotin ɗin da yake kamawa, mai suna serebulon, kuma yana cikin ayarin masu liƙa shaida. Talidomaid yakan zauna a fuskarsa ya sauya masa siffa, sai ya riƙa kamo waɗanda ba su yi laifi ba. A cikin mahaifa wannan bala'i ne. A jikin mai sankarar ɓargo kuwa, wani ɗan'uwansa mai suna lenalidomaid yana sa a niƙe furotin biyu da cutar ta dogara da su, kamar yadda aka nuna a 2014.

Jama'a, yanzu sai mu dawo gida. Babu ɗayanmu da bai san gidan da ake jinyar mai amosanin jini ba, wato sikila. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta ana haihuwar yara kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya. Ita ce cuta ta farko da aka nuna tushenta a siffar furotin: Linus Pauling a 1949, sannan Vernon Ingram a 1956 ya gano bambancin ɗan ƙanƙane ne. Dutse guda ne, na 6 a zare mai 146. Saboda shi, idan himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne da 'yan'uwansa su yi dogayen sanduna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

An ƙera sinadarin da ke kama himogulobin ya riƙe shi a siffar mai ɗauke da iska, don kada ya manne. Da sunan Oxbryta aka amince da shi a Amurka a 2019, bayan gwajin da kashi 51 cikin ɗari na masu shan babban awo jininsu ya ƙaru sosai, a kan kashi 7 na waɗanda ba su sha ba. Mabuɗin ya dace da kwaɗon. Amma tun farko akwai masanan da suka nuna damuwa cewa ɗan dakon da ya ƙanƙame kaya zai yi wuyar saukewa a inda ake buƙata. A watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganin daga duniya baki ɗaya, bayan alƙaluma sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shansa. Awon jini ya gyaru a takarda, mai ciwon bai tsira ba.

Wanda ya tsaya mana har yau tsohon magani ne mai araha, haidiroksiyuriya, da aka amince da shi don sikila a 1998. Yana sa jiki ya ƙara ƙera irin himogulobin na jariri, wanda ba ya shiga cikin sandunan. Shi ya sa yaro mai sikila kan yi watanninsa na farko lafiya lau. Likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada shi a kan yara 220 da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza ninkinsa ba a fili wajen kare su. Ga uban da ke saye daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Sai dai magani ne da ake sha ƙarƙashin kulawar likita, tare da awon jini a kai a kai.

Bayan haihuwa, wasu furotin ne ke rufe rumbun himogulobin na jariri. Babbansu, BCL11A, an gano rawarsa a 2008, kuma maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy da aka amince da shi a 2023 shi yake raunanawa. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum guda, ga kuma doguwar jinya a asibiti na musamman, don haka linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma a 2024 masu bincike na kamfanin Novartis suka wallafa cewa sun sami ƙaramin sinadari, mai aiki ta hannun serebulon ɗin nan na talidomaid, wanda ke sa sel ya niƙe wani mai tsaron rumbun da ake kira WIZ. A jikin ɓeraye da birai himogulobin na jariri ya ƙaru. Abin da ake fata shi ne ƙwaya ta haɗiya, wadda za a iya ajiyewa a kantin magani na gari irin namu. Tsakanin biri da kanti akwai gwaji a kan mutane mataki uku, kuma yawancin sinadaran da suka shiga wannan hanya ba sa kaiwa ƙarshenta.